Daminar da Kwamfuta Ta Raɗa Mini Suna

Shekarun baya, a daminar nan da buhun taki ya fi ƙarfin talaka, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Jiya wani a nan ya tambaye ni me ya sa duk abin da na rubuta sai abokina ya zo ƙasa ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Wancan." To, ku gyara zama, yau zan warware muku.

Mu mutanen ƙauye ne a arewacin Kano, tsakaninmu da Dawakin Tofa 'yar tafiya ce a babur. A wurinmu gona manne take da gona, babu saura, babu daji. Ƙasar ta gaji, tun kakanni ake nomanta kowace shekara, in ba ka ba ta taki ba ita ma ba abin da za ta ba ka. Da takin gida muke kai mata. Amma a shekarun nan na wahala mun sayar da dabbobin ɗaya bayan ɗaya, har turken ya koma ba kowa sai wata akuya mai tari da ba wanda ya taya. Mahaifinmu ya rasu, an raba gado, sai ni da ƙannena muka bar namu rabon haɗe da na mahaifiyata, ana nomawa wuri guda da sunanta. Dawar gonar nan ita ce tuwon gidanmu na shekara, ba mu da wata.

Ana cikin haka sai ga wani kamfani mai sayen dawa ya zo da tsari. Za su yi wa matan da ke da gona rajista, su ba su taki da damina, in kaka ta yi su sayi dawar a hannunsu. Aka ce komai a kwamfuta za a yi shi.

Da na ji kalmar kwamfuta sai kaina ya kumbura. Na taɓa yin 'yan watanni a Kano ina koyonta, satifiket ɗin yana rataye a ɗakina cikin leda don kada ƙura ta taɓa shi. A ƙauyenmu ni ne gwani, in wayar wani ta ƙi magana ni ake kawo wa, in kashe in kunna, a yi ta sa mini albarka. Na je na tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyata ina ta zuba.

"Inna, wannan ba irin rabon da aka saba ba ne. Kwamfuta ba ta da ɗan uwa, ba ta da ɗan ɗaki, ba ta mantuwa. Abin da aka gaya mata shi take riƙewa."

Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To, Allah ya sa alheri. Ita kwamfutar ta taɓa noma?"

Sai na faɗa muku wani abu a nan, don yaran yanzu da iyayensu mata ke ƙwala musu kira da cikakken suna har maƙwabta su ji. Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana na wajen uba aka sa mini, wato surukinta. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In tana so in zo, sai ta ce, "Kai." In tana maganata da wani, sai ta ce "wancan." Ko laƙabin da sauran mutanen gida ke kirana da shi ba ta faɗa. Ba ƙi ba ne, kowa ya sani. Tsokar da ta fi girma a kwanona take ƙarewa, amma ta hannun ƙanwata take biyowa, kuma in na yi godiya sai Inna ta ce ita ba ta san zancen ba. Haka na tashi, ban taɓa jin wani abu ya rage mini ba.

Ranar rajista, tunda maza ba sa shiga gidaje, kamfanin mata ya turo. Wadda ta shigo gidanmu wata budurwa ce 'yar kudu, cikin masu yi wa ƙasa hidima, mai fara'a, riƙe da wata ƙatuwar waya. Hausarta ta gaisuwa ce da ciniki. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta zauna da Inna da ƙanwata. Ni kuwa, gwanin kwamfuta, ina can gefen tsakar gida ina gyaran danga, domin ɗan fari ba ya zuwa ya zauna gwiwa da gwiwa da mahaifiyarsa gaban baƙuwa. Can na hango Inna ta nuno ni da baki. Budurwar ta waiwayo ta dube ni, ta yi murmushi. Ni ma na ɗaga mata hannu, ina jin daɗi an san da ni. Ta duƙa ta danna wani abu a wayar.

Ruwa ya sauka da kyau a shekarar. Muka yi shuka, muka yi noman farko. Dawa ta kusa gwiwa, ganyen ƙasa ya fara rawaya yana neman abinci, sai ga saƙo ya shigo wayar Inna cewa taki ya iso, wakilinta ya zo da katin ɗan ƙasa ya karɓa. Na ari babur, na sa hulata ta Juma'a, na nufi siton kamfanin da ke bakin kasuwa.

Da na shiga sai na ga ashe abokina ne a kan kwamfutar, wanda muka yi firamare tare. Na ce a raina yau aiki ya zo da sauƙi. Muka gaisa, muka yi tsiya irin wadda muka saba, na miƙa masa lambar Inna da katina. Ya danna. Sai na ga fara'ar ta bar fuskarsa. Ya dubi allon, ya dubi katin, ya dube ni.

Ya rage murya ya ce, "Kai ne Wancan?"

Na ce, "Wanne?"

Ya ce, "Wancan."

Na waiwaya bayana. Wani dattijo ne kawai a tsaye yana cin goro. Na ce, "Ban san shi ba."

"Ba shi nake nufi ba. Wancan Malam."

"Wane malamin? Wannan ai ba malami ba ne, dillalin awaki ne."

Abokina ya dafe kai. "Don Allah ka natsu. Ina tambayarka, kai ne Wancan Malam?"

Wallahi na ɗauka zafin rana ne ya taɓa shi. Na ce, "Kai, tun muna 'yan aji ɗaya ka san sunana. Yau kuma wane iskanci ne wannan?"

Sai ya juyo mini da allon. Ga sunan mahaifiyata daidai, ga sunan ƙauyenmu, ga girman gona. A wurin da aka rubuta wanda zai karɓa a madadinta kuwa, ga shi ɓaro-ɓaro: Wancan Malam. An zagaye shi da ja, yana ƙiftawa. Abokina ya ce tun makon jiya hedikwata ta aiko da gargaɗi ga duk sito-siton kamfanin. Kwamfuta ta gano wani mutum mai suna Wancan Malam ya bi ƙauyuka ya sa kansa wakilin mata da dama, daga nan har wajen Minjibir. An rufe rabon duk matan, kuma an ce in ya bayyana a riƙe shi a kira manaja.

Na ce, "To ni mene ne haɗina da shi?"

Ya ce, "Ai kai ne ka zo karɓa, har da hula irin ta malamai."

Na fita waje na kira ƙanwata a waya. Na ce ta gaya mini tiryan-tiryan abin da aka yi ranar rajista. Ta ce ba komai. Budurwar ta tambayi wa zai karɓo wa Inna taki, Inna ta nuna ni ta ce, "Wancan." Ta tambayi sunan babansa, Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam." To da me za ta ce? Matar da ta yi zaman aure da mutum har ya koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba, yau za ta fara gaban baƙuwa?

Na ce, "Ke kuma kina zaune kina kallo?"

Ta ce, "Yaya, ai kai ne ka ɗaga mata hannu."

Da na koma na yi wa manaja bayani, dattijo ne mai faran-faran, sai da ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye. Ya ce budurwar nan ta taɓa ce masa mutanen yankin nan suna son sunan Wancan ƙwarai, shi kuma bai gane me take nufi ba. Na ji sanyi a raina. Na ce to tunda an gane, a ba ni takin in tafi.

Ya daina dariya. Ya ce, "Ɗana, ni da kake gani da mukulli a aljihu, ko buhu ɗaya ba na iya fitarwa sai kwamfutar nan ta yarda. Ta san abin da ya shigo ɗakin nan, ta san abin da ya fita, kuma kafin ka kai bakin titi hedikwata ta gani. In na ba ka, gobe ni ne ɓarawo."

Ya ce kuma kada in zage ta. Kafin a kawo ta, taki yakan fito da sunan matan ƙauye ya ƙare a kasuwa, ɗan uwa ya karɓe na gwauruwa, maigida ya sayar da na matarsa. Shi ya sa aka tsara cewa ba mai iya canja wakili sai mai gonar da kanta. Za ta kira layin kamfani da wayarta, ta faɗi sunanta, ta faɗi cikakken sunan wakilinta da bakinta. Injin ya riga ya san muryarta tun ranar rajista.

Abin da na yi ta yabo a ƙofar ɗakin Inna shi ne ya kama ni. Ba ta da ɗan uwa, ga abokina a zaune bai iya yi mini komai ba. Abin da aka gaya mata kuma ta riƙe shi gam.

A gindin darbejiyar da ke ƙofar siton na tarar da wasu mutane zaune jugum-jugum. Muka fara hira, sai ga shi duk matsalarmu ɗaya. Wannan ɗan fari, wancan ɗan fari. Har da wani mai furfura, wanda tsohuwarsa ke raye, ya ce shi jikokinsa sun fara tafiya makaranta amma yau an ce masa sunansa Wancan. Muka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Kowa yana tunanin yadda zai je ya tsaya gaban mahaifiyarsa da wannan magana.

Ni ban iya faɗa mata kai tsaye ba. Ƙanwata na gaya wa, a tsakar gida, da ƙarfi yadda Inna za ta ji daga ɗaki. Haka muke yi dama in magana ta yi nauyi. Can Inna ta ce daga ciki, "A kawo wayar."

Na yi mamakin saurin yardarta. Ƙanwata ta danna lambar ta kara mata a kunne, ni ina laɓe a bakin zaure. Na ji ta faɗi sunanta. Sai ta gyara murya ta ce, a natse, "Mai sunan kakansa."

Injin ya yi mata godiya. Ta miƙa wa ƙanwata wayar ta koma kan tsintar wake, alamar ita ta gama nata.

Ni kuma, don ku san irin gwanintata, sai na ce wa kaina wataƙila ya wadatar. Washegari na sake aron babur. Abokina yana ganina ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Ya juyo mini da allon. An cire Wancan Malam. Yanzu sunana Maisuna Kakansa.

Ya ce, "Alhaji Maisuna, barka da zuwa. Ina katinka mai wannan sunan?"

Na ce, "Wallahi in ba ka rufe mini baki ba sai na fasa abin nan."

Da ya gama dariyarsa sai ya gaya mini sauran zancen. Canji sau biyu kawai ake yarda da shi a damina. Saura ɗaya. In aka sake kuskure, rabon Inna ya rufe sai baɗi. Kuma duk takin da ba a karɓa ba zuwa ranar kasuwa mai zuwa, kwamfuta ta riga ta tsara mota za ta kwashe shi zuwa wani sito.

Daga nan na bi ta gona. Da ma ban bi ba. Gonar maƙwabcinmu da ya samu taki ta yi baƙi ƙirin don kore, tamu kuwa rawayar ta hau har ganyen tsakiya, karan siriri kamar tsinken tsintsiya. Ga ruwa yana sauka yadda ake so, ga ƙasa a jiƙe, abu ɗaya kawai ya rage. Na tsuguna a kunya na rasa wa zan ji haushi. Budurwar ta rubuta abin da ta ji. Manaja yana tsare amana. Kwamfuta tana kare mahaifiyata daga macuta, kuma macucin da ta kama ni ne. Inna kuwa ba ta yi komai ba sai abin da uwarta da kakarta suka yi.

Kwanakin da suka biyo baya ba dabarar da ban kawo ba. Na ce ƙanwata ta kwaikwayi muryarta, ai suna kama. Inna ta ce ba za a yi ƙarya da muryarta tana raye ba, kuma tuwon da aka samu ta haka ba za ta ci ba. Na je wurin limaminmu, na dawo da murna na ce Malam ya ce ba haramun ba ne uwa ta faɗi sunan ɗanta.

Ta ce wa ƙanwata, "Tambaye shi, na ce masa haramun ne?"

Na ce to a sa sunan wani. Ƙanena yana kudu wajen neman kuɗi, ƙanwata ba ta da kati, amma ga ɗan maƙwabcinmu, mutumin kirki, sunansa ba ya yi wa kowa nauyi. Na ɗauka na kawo maganin abin. Sai na ga ta ajiye muciya. Ba ta dube ni ba, bango ta duba.

Ta ce, "Ina da babba a gida, in aiki ɗan wani ya karɓo mini? A rubuta a wurin mutane cewa ba ni da kowa?"

Nan fa na ƙara rikicewa. Ba za ta faɗi sunana ba, kuma ba za ta faɗi na wani ba. Raina ya ɓaci, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga murya a gabanta.

"Haba Inna! Suna ne fa kawai!"

Ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da tuƙi. Ta ce, "A wurinka."

Ana gobe kasuwa, da sassafe, na ga ta yafa mayafi ta ɗauki sanda. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, ta yi shekaru ba ta taka zuwa gona ba. Ta ce kada kowa ya bi ta. Sai da hantsi ya ɗaga ta dawo, tana tafe tana hutawa, riƙe da ganyen dawa guda ɗaya, rawaya fatau. Ta zauna a kan turmi tana juya shi a hannu. Ta daɗe a haka.

Can ta ce, "Kai."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Kai da ka yi karatun abin. In mutum ya yi magana a ciki, wa yake ji?"

Na ce, "Ba kowa, Inna. Inji ne. Shi yake ji, ya rubuta, shi ke nan."

"Ba mutum a ciki?"

"Ko ɗaya."

Allah ya sani, abin da na ɗauka ke nan har zuciyata. Ta gyaɗa kai. Ta ce in kwance akuyar nan in kai ta bayan gari ta ci ciyawa, kuma kada in dawo sai ta ƙoshi. Akuyar da ko ƙofar gida ba ta son fita. Haka na ja ta, ƙato da ni, tana tari ina tafe, mutane suna tambayata lafiya. Daga baya ƙanwata ta ce ita ma tana danna lambar, sai Inna ta karɓi wayar ta kore ta, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Washegari na isa sito da wuri. 'Yan uwana na gindin darbejiya suna nan, wasu an dace, wasu har yanzu. Motar kwashe taki ta riga ta iso, direban yana shan shayi. Abokina ya danna lambar. Ya dubi allon, ya dubi katina, ya yi murmushi. Jan ya tafi. Ga sunana nan, da na mahaifina, daidai da kati.

Na miƙa hannu zan karɓi takardar fitar da kaya, sai ya ce in dakata, saura abu ɗaya. In suna ya dace da kati, doka ce sai ma'aikaci ya saurari muryar mai gona da kunnensa gaban wakili kafin kwamfuta ta saki kaya. Wancan karon ba mu kai nan ba, shi ya sa ban sani ba. Kafin in buɗe baki ya danna.

Sifikar kwamfutar ta yi ƙara. Na ji kukan zakaranmu. Na ji numfashi. Sai muryar Inna ta cika ɗakin, ta faɗi sunanta. Daga nan shiru. Shirun ya yi tsawo har abokina ya duba ko abin ya tsaya ne. Na ji ta ja numfashi, ta sake ja.

Sai ta faɗi sunana.

A hankali ta faɗe shi, tana rarrabe shi, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ban taɓa jin wani ya faɗe shi haka ba. Ta haɗa da sunan mahaifina, muryarta ta ɗan karye a kansa. Ta sake yin shiru. Ina jin ta ɗauka injin bai gamsu ba, domin sai ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba.

"Ɗana ne. Na fari. Ku ba shi."

Ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ji kaina na ce, da ƙarfi, har da ɗan rusunawa, "Na'am, Inna."

Wani a bakin ƙofa ya fashe da dariya, mutum yana amsa wa kwamfuta. Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Na waiwaya na ga mai furfurar nan ya cire hula yana kallon ƙasa, domin shi ne na gaba a layi, kuma yanzu ya san abin da zai ji. Abokina, sarkin tsiya, yau bai tsokane ni ba. Ya miƙo mini takardar ba tare da ya dube ni ba, ni ma na gode masa da bai duba ba, don fuskata ta jiƙe.

Na ɗaure buhunan a babur na taho. A hanya sau da yawa ina tsayawa, ban san me nake ji ba. Daɗi ne, kunya ce, ko tsoro ne na cewa na ji abin da ba a yi don kunnena ba? Na ce mata ba kowa a ciki, ga shi rabin kasuwa sun ji. Na shiga gida ina tunanin yau wani abu zai canja tsakanina da ita, ko kallo ne, ko wata kalma.

Tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta dubi buhunan, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kai, kada ka ajiye su a ƙasa, sanyi zai kama su. Sa musu itace."

Na ce, "To, Inna."

A ranar muka zuba takin. Dawar ta farfaɗo, ba ta kai ta maƙwabci ba, amma ta kai mu wata kakar ba mu sayi hatsi ba. Ban taɓa gaya mata na ji ba. Na roƙi abokina da ƙanwata su rufe bakinsu, kuma ina zaton sauran 'yan farin ma haka suka yi, domin maganar ba ta taɓa zagayowa cikin gidaje ba. Ta ci gaba da ce mini Kai, ta ci gaba da ce wa mutane wancan, har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an yi sadakar arba'in na shirya na je siton. Abokina ya zama manaja a lokacin. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ko zai taimaka ya tura mini muryar nan a waya, ko dai ya kunna mini sau ɗaya. Ya ce kamfani ya canja tsari tun tuni, an kawo sabuwar kwamfuta da ta fi waccan sauri. Sunaye da gonaki da lissafin buhuna duk an kwaso su. Muryoyin ne aka ce sun cika wuri, kuma ba a bukatarsu. Ya juyo mini da allon don in gani da idona. Sunana yana nan, harafi bai ɓace ba.

Har yau in aka zauna ana gardamar ko waɗannan na'urori alheri ne ga kasuwanci da talaka ko akasin haka, nakan yi shiru, ni da nake da bakin magana a kan komai. Kwamfutar nan ita ta hana a cinye takin mahaifiyata, ita kuma ta kusa sa mu kwana da yunwa. Ita ta matsa wa tsohuwa ta faɗi abin da ta rufe a bakinta tsawon rayuwarta, kuma ba don ita ba da zan mutu ban ji ba. Na yi ta cika baki cewa ba ta mantuwa, ga shi abu ɗaya da na so ta riƙe mini shi ta zubar. Satifiket ɗin nan na sauke shi daga bango, yana cikin akwati.

Abokina kuwa bai daina ba. A kasuwa, a wurin ɗaurin aure, a nan inda kuke gani, sai ya ce Wancan. Matata takan ce in hana shi, girma ya zo, yara suna ji. Ni kuma ba na hana shi. Sunana na gaskiya kowa yana da shi, yana kan kati, yana cikin kwamfuta, sau ɗaya tak na ji shi a bakin Inna. Wancan kuwa da shi ta kira ni tun ina goye, kuma yanzu duk duniya saura mutum ɗaya da ke faɗarsa. In ya kira, tun bai rufe baki ba nake amsawa.